Yayen Uwani

Duk wanda ya saba bin layinmu na Gyaɗi-Gyaɗi da la'asar ya san matar nan mai suyar awara a bakin zaure. Doguwa ce, baƙa, ba ta da yawan magana, in yaro ya miƙo kuɗi sai ta dube shi daga sama har ƙasa kafin ta zuba masa. Yaran unguwa cewa suke wai tana da mugun kallo. Ƙarya suke yi, ja'irai. Auna su take da ido, don aikinta kenan shekara da shekaru. Sunanta Huraira, kuma kafin ta zauna gaban kasko fararen kaya take sawa, tana awon jarirai a wani ƙaramin asibiti a Tarauni. Ni Asabe katanga ɗaya ce tsakanina da ita, ni na goya mata 'yarta ta fari, saboda haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na ji shi ba.

Huraira 'yar Tarauni ce. Mahaifinta masinja ne, bai tara komai ba, amma ya kafe kai da fata sai da ta gama makarantar koyon aikin lafiya. Da Mu'azu ya zo neman aurenta sharaɗi ɗaya tsohon ya kafa masa, cewa za ta ci gaba da aikinta, Mu'azu kuma ya ce ya ji ya yarda. Shekarar da soja suka miƙa wa farar hula mulki suka kama ciki da falo a gidan da ke jikin nawa. Lokacin kowa baki har kunne, ana cewa an ga ƙarshen wahala. Mu'azu akawu ne a wata ma'aikata, mutumin wani ƙauye can gaba da Garko. In zan faɗi tsakani da Allah, ba mugu ba ne. Ba ya duka, ba ya zagi, bai taɓa barin gidansa babu hatsi ba. Abu ɗaya ne da shi, tsari. Komai nasa a tsare yake, har ya ba mutum haushi.

Ga yadda ya tsara gidan. Albashinsa na haya ne da hatsi da wani filoti da yake biya kaɗan-kaɗan a Hotoro. Nata kuwa ya ce duk abin da aikinta ya jawo, aikinta ya biya. Kuɗin mota daga Gyaɗi-Gyaɗi zuwa Tarauni, aikinta ne ya jawo. To, wannan na yarda. Amma har da kuɗin raino! Wai da tana zaune a gida da ba a nemi mai raino ba. Shi da yake ficewa tun da sassafe sai yamma, nasa aikin bai jawo komai ba kenan. Ranar da ta gaya mini sai da na ajiye muciyar da ke hannuna na dube ta. Ta ce, "Yaya Asabe, ai da gaskiyarsa." Haka Huraira take, ita kowa da gaskiyarsa.

Shekara na zagayowa ta haihu, mace. Aka sa mata sunan mahaifiyar Mu'azu, shi ya sa ake ce mata Uwani. To kun san halinmu da ɗan fari. Uwa ba ta faɗin sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ko faɗuwa ya yi sai ta kau da kai wani ya ɗaga shi, in ba haka ba a ce ba ta da kunya. Wasu 'yan boko sun fara watsar da wannan, amma ban da Huraira. Kakarta ce ta raine ta, ta cusa mata kunya har cikin ƙashi. Ga shi kuma yarinyar takwarar surukarta ce, abin ya zama biyu. "Yarinyar nan" take ce mata, ko "waccan".

Da hutun haihuwa ya ƙare aka ce mata ba a zuwa aiki da goyo. Ni kuma tun rasuwar maigidana sana'ata kenan, ina riƙe 'ya'yan malaman makaranta da na ma'aikatan asibiti, su biya ni a ƙarshen wata. Sai ta riƙa kawo mini Uwani da safe, ta ɗauke ta in ta taso. A nan na ga abin da mutane ba su gani ba. In ta shigo ta tarar ina bayan gida ko ina madafa, sai ta waiga hagu da dama kamar ɓarauniya, ta sunkuci yarinyar, ta cusa fuskarta a wuyanta tana shinshina ta, tana yi mata wata magana ƙasa-ƙasa. Da ta ji motsina sai ta dire ta a tabarma ta ɗaure fuska. "Yarinyar nan ta cika rigima," in ji ta. Ni kuma sai in yi kamar ban ga komai ba.

Abin da nake karɓa ba yawa gare shi ba, Allah ya sani. Amma man fetur ya yi ta hawa, kuɗin mota ya bi shi, albashin ƙaramin ma'aikaci kuwa kun san yadda yake. Wata ba ya raba tsakiya sai hannunta ya bushe. Mu'azu ya fara cewa wannan aiki nata wahalar banza ce, ana ɗauka a nan ana zubawa a can. Uwani ba ta cika shekara biyu ba Huraira ta sake samun ciki, aka ce dole a yaye ta. Yadda aka saba, gidan kaka ake kai yaro yaye, ya yi 'yan makonni ya manta da nono, sannan a je a ɗauko shi. Haka aka yi. Mu'azu ya ɗauki Uwani ya kai ta ƙauye wurin Inna, mahaifiyarsa. Kwanakin nan Huraira a ɗakina take wuni in ta taso aiki, ƙirji a kumbure, ido jawur. In na tambaye ta sai ta ce ciwon nono ne.

Ranar ɗauko yarinya da ni aka je, tunda ta saba da ni. Tun a mota Huraira take ta gyara kayan da ta saya mata, ta kwance ta ɗaure, ta sake kwancewa. Muka tarar da Uwani ta yi ɓul-ɓul, tana bin 'yan tsaki a tsakar gida. Inna tsohuwa ce mai fara'a, ta yi mana tuwo, maƙwabta suka cika gidan ana gaisawa. Da aka ci aka sha, Inna ta ɗora yarinyar a cinya, ta dubi Huraira a gaban kowa ta ce, "To 'yar nan, ga takwarata ta manta da nono. In ba ku abarku ko?"

Duk macen da aka haifa a ƙasar nan ta san amsar wannan tambaya, kuma guda ɗaya ce. Huraira ta sunkuyar da kai ta ce, "Haba Inna, ai taki ce."

Ba laifi ta yi ba, abin da ake faɗa kenan. Kuma kowa ya san abin da ke biyo baya. Miji ne zai yi gyaran murya ya ce, Inna a yi haƙuri, za mu tafi da ita, in ta yi wayo a kawo miki ita hutu. Tsohuwa ta yi 'yar mita, a yi dariya, a goya yarinya a kama hanya. Shi ɗa ne, ba kunya tsakaninsa da uwarsa a kan wannan. Na zuba wa Mu'azu ido. Huraira ma ta ƙasan mayafi shi take kallo. Mutumin nan ya yi gum, yana wasa da makullin babur ɗinsa a hannu. Wallahi ina kallon fuskarsa na san lissafi yake yi, ga raino ɗaya ya fita, ga wani yana tafe. Sai wata maƙwabciya ta rangaɗa guɗa ta ce Inna ta samu 'yar ɗaki. Shi kenan magana ta ƙare.

Ni bare ce a gidan, amma sai da na ce, "Malam Mu'azu, in don kuɗin raino ne ni na yafe." Ya ce, "Yaya Asabe, ba na son alfarma." Huraira ta miƙa wa Inna ƙullin kayan da hannu biyu, har da godiya. Da za mu fita Uwani ta biyo ni tana miƙo hannu, ni ta sani, ni ta yi wa kuka. Uwarta ba ta ko waiwaya ba, mata suna ta yaba mata, wai kai, wannan yarinya akwai kunya. Sai da muka sauka a Gyaɗi-Gyaɗi sannan Huraira ta durƙusa bakin kwata ta yi ta amai.

Cikin nan ta haifi namiji, Junaidu. To a nan ne raina ya ɓaci da Mu'azu, har yau kuma bai gama hucewa ba. Mutumin da ya ce raino aikinta ne ya jawo, shi da ƙafarsa yake kawo mini kuɗin Junaidu, wata bai ma ƙare ba, har da tambayar ko yaron yana cin abinci. Da ya fara magana aka sa shi a makarantar kuɗi, da 'yar jaka da takalmi sau-ciki. Bayansa aka samu Anas, shi ma haka. Kuɗin da babu su ga mace ɗaya, sai ga su sun isa maza biyu. Na ce masa, "Malam, Uwani fa?" Ya ce, "Ai tana hannu mai kyau. Ita mace ce, tarbiyya ta fi mata komai, su kuwa waɗannan gida za su riƙe." Ya faɗa hankalinsa kwance, ko a jikinsa.

Ita kuwa Huraira kullum tana Tarauni, tana ɗora 'ya'yan mutane a sikeli, tana yi wa iyayensu faɗa a kan koko da allurar rigakafi. Tata 'yar sai da salla take ganinta. Ta je ta zauna a ɗakin Inna kamar baƙuwa, yarinya ta zo ta durƙusa ta gaishe ta, ta koma bayan Inna ta laɓe. Ba dama ta jawo ta jikinta, ga dangin miji cike da ɗaki. Kayan salla kuwa da ido take auna ta, ta ba tela a Kano, kuma bai taɓa yi mata yawa ko kaɗan ba. Inna ba ta cutar da yarinyar ba ko kaɗan, a gado ɗaya suke kwana, abin da ta ci shi take ci. Makaranta ce dai sai a hankali, yau a je, gobe a ce ana shuka.

Na yi wa Huraira faɗa har na gaji. "Ke wai bakinki ciwo yake yi? Ki ce a ba ki 'yarki mana!" Sai ta ce, "Yaya Asabe, da wane bakin? Ni na ce tata ce." Wani lokaci in ji kamar in kama ta in jijjiga.

Uwani tana wajen shekara bakwai suka je wata babbar salla. Yarinyar ta miƙo mata kwanon ruwa, hannun riga ya zame, sai ga tabon ƙuna tun daga gwiwar hannu har kusa da wuyan hannu, ya warke tuntuni har ya yi fari. Ashe tun bara ta faɗa kan tukunyar kunu. An yi mata magani na gida, ba wanda ya aiko wa Huraira, don a ganinsu ba abin da za a tayar mata da hankali ba ne. Matar da take wanke ciwon 'ya'yan wasu kullum! Ta dawo Kano ba ta iya cin abinci ba.

Washegari da safe na ji abin da ban taɓa ji ba ta kan katanga, muryar Huraira a sama. "Malam, ina son 'yata. Ka ji na faɗa. Ina son 'yata!" Na bar shara na tsaya. Mu'azu ya ce shi bai hana ba, amma 'ya mace ba kamar namiji ba ce. Ba zai yarda ta taso daga makaranta ta wuni a gidan mutane ba, 'ya mace sai da uwa a gida. In tana son yarinya ta dawo, to ta ajiye aiki. Gidan mutanen nan fa gidana ne, inda 'ya'yansa maza suke wuni kullum.

Na ce mata kada ta kuskura. Na tuna mata wahalar da mahaifinta ya sha, na tuna mata fansho, na ce ta bari in je in sami wani babba ya yi masa magana. Ta ce, "Shekara biyar ina jiran wani ya yi magana." Cikin watan ta ajiye aikin. Ba a yi sati ba aka ba wata gurbinta, don masu nema sun yi yawa.

Na sake raka ta ƙauyen, a-daidaita-sahu ya kai mu tasha, lokacin bai daɗe da fitowa ba. Ta durƙusa gaban Inna ta ce, "Inna, ki yafe mini rashin kunya. Na zo ki ba ni yarinyar nan." Na zaci tsohuwa za ta tayar da ƙura. Sai ta riƙe haɓa, ta daɗe tana kallonta, hawaye suka zubo mata. "Ashe kina so? 'Yar nan, me ya hana ki faɗa tuntuni? Ni da na tambaye ki a gaban mutane, jira nake Mu'azu ya ce za ku tafi da ita. Da ya yi shiru na ce to, aiki ya yi muku yawa, nauyi kuke so a rage muku. Ƙafafun nan nawa sun daɗe da gajiya. Amma in aiko in ce ku zo ku ɗauki 'yarku, a ce na kori takwarata? Ni ma kunyarku nake ji."

Innalillahi! Na rasa wanda zan yi wa kuka a cikinsu. Mata biyu, kowace tana jin kunyar 'yar'uwarta, shi kuma wanda kalma ɗaya tasa za ta raba su da wannan yana can yana zuba bulo a Hotoro.

Da ƙyar aka ɓamɓare Uwani daga jikin Inna. Ta yi kuka har muryarta ta dishe, daga nan ta yi shiru. Shirun nan shi ya zo Gyaɗi-Gyaɗi da ita. Yarinya mai ladabi, ba ta da abin faɗa. Da asuba ta tashi ta share tsakar gida ba a sa ta ba, ta durƙusa ta gai da kowa. Ruwa ma sai ta nemi izini kafin ta sha. Huraira ta ɗinka mata kayan makaranta, ta yi mata kitso da hannunta, ta saya mata 'yar tsana. Duk abin da aka ba ta sai ta karɓa da hannu biyu ta ce ta gode, ta kai lungu ta ajiye. 'Yan ƙannenta suna tsokanarta wai maganarta ta ƙauye ce, ba ta tanka musu. Abinci ta tsakura ta rufe. Huraira ta daina dafa shinkafa ta koma tuwon dawa da miyar kuka irin na Inna, duk a banza. Ba sai da sikeli ba, uwar tana gani yarinya tana zubewa.

Gidana kaɗai take ɗan sakewa, ina jin don ni ma na fara furfura ne. Ba ta tuna ni na goya ta ba. Wata rana da hantsi ina tsince wake ta zo ta zauna kusa da ni, ta sa hannu tana taya ni. Can ta ce, "Gwaggo, in roƙe ki wani abu?" Na ce faɗi, 'yata. Ta ce, "Ki ce wa matar Baba ta mayar da ni gida. Tana da kirki, wallahi ba ta taɓa dukana ba. Amma Inna ba ta da mai ɗebo mata ruwa. In ta mayar da ni zan bar mata kayan da ta saya mini, ba zan tafi da ko ɗaya ba."

Na ɗaga kai don in ce mata ke, wace matar Baba, uwarki ce, sai na ga Huraira tsaye a bakin ƙofa da kwanon kunu a hannu, ta biyo ta da shi. Ta ji duka. Ba ta yi kuka ba. Ta ƙaraso ta ajiye kwanon a gaban yarinyar ta ce, "Sha. In kin shanye duka, jibi za mu tafi." Uwani ta ɗauki kwanon nan ta kafa kai, ba ta sauke ba sai da ta ga ƙarshensa, har tana lashe baki.

Mu'azu ya ce a ƙara mata lokaci, yaro ne, za ta saba. Ni ma wannan karon bayansa na bi, na ce Huraira kin rasa aiki, kada ki rasa duka biyu. Ta ce ta san za ta saba, ita ma ai ta saba, amma ba za ta zauna tana kallon 'yarta tana koyon irin wannan sabon ba. Ta haɗa mata kayan duka, har da 'yar tsanar. Ta ce kada in raka ta, ita kaɗai za ta je.

Bayan la'asar ta dawo. Ba ta shiga gidanta ba, nawa ta shigo, ta zauna a tabarma ko hijabi ba ta cire ba. Na kawo mata ruwa ba ta sha ba. Na ce, "Kun isa lafiya?"

Ta ce, "Lafiya lau. Mota ba ta gama tsayawa ba yarinyar nan ta dire, ta ruga da gudu, takalminta ɗaya ma a hanya na tsinto mata. Na gai da Inna, na ce a riƙa tura ta makaranta, ban zauna ba na fito." Ta murza bakin hijabinta. "Ina zagayowa ta bayan danga sai na ji ta. Ban san abin da Inna ta ce mata ba, dariya take yi, har da ƙyaƙyatawa. Sai na tsaya. Ina nan tsaye motar da zan hau ta cika ta tafi ta bar ni, sai ta baya na samu."

Ta ɗago ta dube ni.

"Yaya Asabe, rabona da jin dariyarta tun tana goye. Ashe haka muryarta ta koma."